Kulob ɗin jiragen ruwa na Shuɗin Nilu a Khartum da tsohon jirgin yaƙin da ke kwance a harabarsa: tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin nan su ne suka fi yawan fitowa daga bakin 'yan'uwa da suka yi karatu ko zama a Khartum, musamman ɗaliban Jami'ar Afirka da kan fita shan iska bakin kogi ranar Juma'a da yamma, da kuma waɗanda suka ci karo da hoton wani ƙaton jirgin ruwa zaune a kan tudu cikin bishiyoyi suna tambayar wai me ya kai shi can. Na fara da masu sauƙi, masu nauyin suna can ƙasa.

Wai wane kulob ne wannan, kuma a ina yake?

Sunansa a takarda Blue Nile Sailing Club, amma in kana son mai tasi ko mai rakisha ya gane ka ce masa Nadi Zawarik a Shari'in Nil. Kulob ne na masu tsere da yawon shaƙatawa a ƙananan jiragen ruwa masu ƙyalle waɗanda iska ke turawa. Yana bakin Shuɗin Nilu ta ɓangaren Khartum, gabas da fadar shugaban ƙasa, dab da gadar Mak Nimir, ba nisa da cocin Katolika na Saint Matthew, in ka ƙara gaba kaɗan ka iske Jami'ar Khartum. Tsallaken ruwan kuma Bahri ce, wato Khartum ta Arewa.

Yaushe aka kafa shi, kuma su wa suka kafa?

A 1926. Lokacin Sudan tana ƙarƙashin mulkin haɗin gwiwa na Ingila da Masar wanda aka ƙulla a 1899, haɗin gwiwa dai a baki, amma kowa ya san Bature ne ke riƙe da akalar. Ma'aikatan gwamnati da hafsoshin soja Turawa su suka kafa shi don su samu abin yi bayan tashi daga ofis, yadda suka kafa kulob ɗin folo da na tanis kusan duk inda suka yi mulki, mu ma ai mun ga irinsu a Kano da Kaduna da Jos. Bambancin kawai shi ne nan akwai kogi a ƙofar gida.

Abin da ya sa wannan ya fita daban da sauran kulob-kulob ɗin Turawa shi ne ba su fara da gina ɗaki ba, tsohon jirgin yaƙi suka samu suka ɗaure a gaɓa ya zama musu ofis da wurin zama. Labarin jirgin yana tambaya ta gaba.

To jirgin nan da ke kan tudu, mene ne asalinsa?

Sunansa Melik. Kamfanin Thornycroft ne ya ƙera shi a Chiswick, bakin kogin Thames a Landan, a 1897, takanas don yaƙin da Kitchener, Baturen da ke jagorantar sojojin Ingila da Masar, yake yi na ƙwace Sudan daga hannun Khalifa Abdullahi magajin Mahadi. Su uku ne sababbi da aka kawo a wannan zubin, Melik da Sultan da Sheikh, sauran biyun kamfanin Yarrow ne ya yi su. Tsawonsa ya kai kamar ƙafa 145, amma abin mamakin shi ne cikinsa da ke nutsewa a ruwa bai wuce ƙafa 2 da ɗan wani abu ba, domin an yi shi ne don kogi mai yashi da duwatsu wanda in rani ya yi sai ya janye. Tsofaffin jiragen Nilu da ƙaton wili suke tafiya a baya ko a gefe, shi kuwa farfela biyu aka sa masa a ɓoye cikin wani lungu a ƙarƙashinsa yadda ba za su riƙa karo da ƙasa ba. Aka ɗora masa igwa da bindigogin Maxim masu ɓarin wuta, aka lulluɓe inda sojoji ke tsayawa da farantan ƙarfe.

In ka tsaya kusa da shi za ka ga ba wani faɗi gare shi ba, dogo ne siriri mai hawa-hawa, ga bututun hayaƙi a tsakiya, ga bindiga a goshi, fenti ya sha ɓarewa an sake shafawa, layin ƙusoshin da aka haɗa farantan jikinsa da su kuwa ana ganinsu reras, don a zamanin ba walda ake yi ba.

Ta yaya jirgi daga Landan ya iso Sudan alhali Nilu cike yake da duwatsu?

Ba a kan ruwa ya zo gaba ɗayansa ba, gunduwa-gunduwa aka kawo shi. Tsakanin Aswan da Khartum akwai wurare shida da kogin ke ratsa duwatsu ruwa na tafasa, babban jirgi ba ya wucewa sai lokacin cikar kogi, shi ma sai an ja da igiya da ƙarfin ɗaruruwan mutane. Shi ya sa Kitchener ya sa aka shimfiɗa layin dogo daga Wadi Halfa ya yanka hamada kai tsaye zuwa Abu Hamad a 1897, daga nan aka ci gaba da shi kudu. To an kwance Melik an sa wa kowane ɓangare lamba, aka kawo shi Masar ta teku, aka haura da shi wani wurin a jirgin ƙasa wani wurin a kwalekwalen dako, har Abadiya kusa da Barbar, a can aka zauna aka sake ɗaure shi cikin zafin 1898.

Wanda ya tsaya kan aikin haɗawar kuma ya jagoranci jirgin a yaƙi shi ne Manjo W. S. Gordon, ɗan ɗan'uwan Janar Gordon ɗin nan, Baturen gwamnan Sudan da Ansar, wato mabiya Mahadi, suka kashe a Khartum a 1885. Ka ga ke nan shi a wurinsa ba aikin gwamnati kaɗai ba ne, akwai ramuwar gayya a ciki.

Wace rawa ya taka a yaƙin Karari?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma ita ce masu ɗaukar hoto a jikin jirgin ba su cika yi ba. Ranar 2 ga Satumba 1898 aka gwabza a filin Karari, arewa da Omdurman. Kitchener yana da mutum wajen 25,000, Turawa kamar 8,000 sauran Misirawa da 'yan Sudan, ya jingina bayansa da kogi, jiragen yaƙi goma suna shawagi a bayansa ƙarƙashin Kwamanda Keppel. Khalifa kuma ya fito da mutum wajen 50,000, da yawansu masu da takubba ne a hannunsu sai tsofaffin bindigogi. Tun ranar 1 ga wata jiragen sun riga sun yi wa ganuwoyin Omdurman ruwan wuta, manyan bindigogin da aka sauke a gabashin kogi kuma suka farfasa ƙubbar Mahadi.

Inda Melik ya yi suna shi ne a duwatsun Karari. Rundunar Usman Shaikhuddin, ɗan Khalifa, ta taso wa sojojin raƙuma na ɓangaren Masar, raƙumi kuwa ba ya sauri a kan dutse, ga raunatattu ga kaya, Ansar sun kusa yanke su daga sansani, sai jirgin ya gangaro ya matso gaɓa ya buɗe wuta daga kusa da igwa da Maxim baki ɗaya, nan take farmakin ya karye, masu raƙuma suka tsira. Littattafan Turawa suna ba da wannan a matsayin ceto, kuma ta fuskarsu ceton ne. Ta ɗaya fuskar kuwa mutane ne masu jibba mai faci-faci suna gudu da ƙafa cikin harsashin da ba su da abin mayar masa. Kafin azahar an kashe Ansar sama da 10,000, waɗanda suka mutu a ɓangaren Kitchener ba su kai 50 ba. Wannan ratar ita ce aikin jirage irin Melik da bindigogin da ke kansu.

Kwana biyu bayan haka, ranar 4 ga Satumba, Melik yana cikin jiragen da suka tsallaka zuwa kangon fadar Gordon inda aka yi masa addu'ar tunawa aka ɗaga tutar Ingila da ta Masar, shi ne ma ya harba bindigar gaisuwa. Khalifa shi kuwa ya tsere kudu maso yamma, sai a Nuwamba 1899 aka cim masa a Umm Diwaikarat, ya rasu tare da manyan sahabbansa.

Yaya aka yi jirgin yaƙi ya koma ofishin 'yan shaƙatawa?

Yaƙi ya ƙare, aikinsa ya ragu. Ya ci gaba da zama cikin jiragen gwamnati na wasu shekaru, da ya tsufa aka sallame shi, sai sabon kulob ya karɓe shi a 1926 aka ɗaure shi a gaɓar Shuɗin Nilu. A samansa ake zama ana kallon tsere, a cikinsa ake ajiye kaya da takardu. Gaskiya da ba don kulob ɗin ba da tuni ya bi sahun 'yan'uwansa, don a cikin jiragen yaƙin Kitchener shi ne ya saura wanda mutane ke zuwa gani.

Me ya fitar da shi daga ruwa?

Ambaliya. A ƙarshen shekarun 1980 kogi ya yi wata irin cika, ruwa ya ɗaga jirgin daga inda yake ɗaure ya haura da shi kan gaɓa, da ruwan ya janye sai ya bar shi zaune daram cikin laka da yashi a harabar kulob. Ba a sake mayar da shi ba.

Masu sha'awar jirgin suna cewa wannan ambaliyar ce ta cece shi, kuma ina ganin da gaskiyarsu, saboda ƙarfen cikinsa ya riga ya ci tsatsa bayan shekara kusan 90 a ruwa, da ya ci gaba da zama da wata rana an wayi gari ya nutse a inda yake. Sai dai zaman tudu ma ba lafiya ba ce gaba ɗaya, ƙasa mai danshi tana cin ƙarfe ta ƙasa a hankali inda ido ba ya gani. Kan dalilin da ya sa Shuɗin Nilu ke irin wannan haukan, duba amsar tambayar iska da ruwa a ƙasa.

Kafin a yi kulob, me ke wannan bakin kogin?

Khartum ba tsohon birni ba ne kamar yadda wasu ke zato, tsibirin Tuti da ke gabanta ya girme ta nesa ba kusa ba, 'yan ƙabilar Mahas sun daɗe suna noma a can. Garin ya taso ne bayan 1821 da sojojin Muhammad Ali Pasha na Masar suka ci ƙasar suka kafa sansani a kusa da Mugran inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu ke haɗuwa, daga baya ya zama hedikwatar mulkin Turkawa da Misirawa. Tun a lokacin gaɓar Shuɗin Nilu ce fuskar gari, nan fadar gwamna take, nan jirage ke tsayawa, nan ofisoshin jakadu da lambuna suke.

Ranar 26 ga Janairu 1885 Ansar suka shiga garin aka kashe Gordon a fada. Mahadi ya rasu a watan Yuni na shekarar, Khalifa ya mai da Omdurman babban birni, aka kwashe mutanen Khartum aka tsallakar da su, har tubali da katakon gidaje aka riƙa ɗiba ana gini da su a can. Saboda haka da Kitchener ya zo kango ya tarar. Shi ya sake zana garin, ana yawan cewa ma tsarin titunan an yi shi ne da siffar tutar Ingila, aka sake gina fada, aka buɗe Kwalejin Gordon a 1902 wadda ita ce ta zama Jami'ar Khartum a 1956, aka gama gadar ƙarfe ta jirgin ƙasa zuwa Bahri a 1909, aka jera ma'aikatu da gidajen manya da otal ɗin Grand duk suna kallon ruwa, aka dasa bishiyoyin nan masu inuwa da suka sa Shari'in Nil ya fi ko'ina daɗin tafiya a ƙafa. To a tsakiyar wannan unguwar ta masu mulki kulob ɗin ya samu gurbi, ba a gefen gari ba.

Me ya sa a Shuɗin Nilu ake tseren, kuma yaya iska da ruwa suke a wurin?

Na farko dai nan gidajensu da ofisoshinsu suke, kamar yadda aka faɗa a amsar da ta gabata. Gefen Farin Nilu fadama ce shimfiɗaɗɗiya, in kogi ya cika sai ruwa ya malale ya shiga har cikin dajin Sunut, gaɓar Shuɗin kuwa tana da tudu. Na biyu kuma iska. A daidai Khartum kogin daga gabas yake gangarowa ya nufi yamma zuwa Mugran, iskar hunturu kuma daga arewa take busowa, wato tana bugun jirgi ta gefe, wannan kuwa shi ne abin da mai jirgin ƙyalle ya fi so domin da ita zai haura ruwa da ita zai gangaro, ba sai ya yi ta zikzak ba. Shi ya sa lokacin tsere shi ne daga wajen Nuwamba zuwa Maris ko Afrilu, ruwa ya kwanta, gari ya yi sanyi.

Da damina kuwa labari ya sha bamban. Shuɗin Nilu daga tafkin Tana yake fitowa a tsaunukan Habasha, in ruwan sama ya sauka can daga Yuli zuwa Satumba sai ya taho da ƙarfin tsiya, jajawur da laka, ɗauke da itatuwa da duk abin da ya tarar, har yakan tokare Farin Nilu ya hana shi wucewa sosai. Mafi yawan ruwan da ke isa Masar a wannan lokacin nasa ne. Mutanen Khartum har yanzu suna lissafi da ambaliyar 1946 da ta 1988, sai ta 2020 da ta zo ta wuce su duka, ma'aunin kogin ya haura mita 17 da rabi. Ga kuma habub, guguwar ƙurar nan da ke tasowa kamar bango wajen Mayu zuwa Yuli, in ta riski ƙaramin jirgi a tsakiyar ruwa da ƙyalle a buɗe to sai dai Allah ya kiyaye. Madatsun ruwa sun ɗan sauya halin kogin, na Sinnar tun 1925, na Rusairis 1966, yanzu kuma ga babban na Habasha da aka fara tara wa ruwa a 2020.

Wane irin jirage suke tsere da su?

Akwai samfurin da kulob ɗin ya shahara da shi, ana ce masa Khartoum One Design, zanen wani Bature maƙerin jirage Morgan Giles, tun shekarun 1930. Ƙananan jirage ne na ƙarfe ba na katako ba, abin da kuma ya dace da wurin, don katako a ranar Khartum tsagewa yake yi, ga gara. Dukkansu iri ɗaya ne, girma ɗaya, ƙyalle ɗaya, saboda haka in ka ci tsere ba za a ce kuɗinka ne ya saya maka jirgi mafi kyau ba, iya karanta iska da igiyar ruwa ne kawai. Daga baya jirage masu inji sun shigo sun yi yawa, masu kai 'yan biki da iyalai yawo zuwa Mugran da kewayen Tuti, har mai wucewa zai iya ɗauka su ne ainihin sana'ar wurin.

Kulob ɗin na Turawa ne zalla? Bayan 'yancin kai fa?

Da farko harkar Turawan mulki ce, ba sai an faɗa ba. Sudan ta samu 'yanci ranar 1 ga Janairu 1956, Turawan gwamnati suka tattara, a hankali kulob ya koma hannun 'yan ƙasa, likitoci da injiniyoyi da 'yan kasuwa da malaman jami'a, tare da baƙi ma'aikatan ofisoshin jakadanci da ƙungiyoyin agaji. 'Ya'yan waɗanda a da sai dai su hango daga titi su suka zama masu riƙe da sitiyari.

Yanayin zaman ma ya canza. A Satumba 1983 Numairi ya ƙaddamar da dokokin shari'a, aka haramta giya har aka yi bikin zubar da kwalabe cikin Nilu, to duk kulob-kulob ɗin da Turawa suka bari sai suka koma wuraren shayi da lemo da zaman iyali. Wanda ya san wurin kafin yaƙin 2023 zai gaya maka abin da ya fi tunawa shi ne kujerun roba a kan ciyawa bayan magariba, ana jiran iska ta taso daga kogi. A waje kuma kan titi ga masu shayi mata a jere, kowace da ɗan akwatinta da kwalaben citta da kirfa da na'ana'a, gawayi na ci a murhu, ta jefa turaren luban a kai, ta zuba maka jabana, wato gahawa, a ɗan finjali ta ajiye sukari a gefe, kana zaune a kan ɗan banbar, wato 'yar kujera, kana kallon fitilun Bahri a cikin ruwa. Ɗalibi mai ƙaramin aljihu a nan yake tsayawa, kuma wallahi bai yi asarar komai ba.

Me ya sa a da ake ganin Turawa da manyan motoci da tantuna a ciki?

Masu ratsa Afirka ne a mota ko babur ko keke, daga Alƙahira zuwa Kef a Afirka ta Kudu ko akasin haka. Shekaru da dama kulob ɗin shi ne masaukinsu a Khartum, su biya ɗan kuɗi kaɗan su kafa tanti a gindin Melik, su yi kwanaki suna jiran bizar Habasha ko ta Masar ko gyaran mota. Yawancin hotunan jirgin da ke yawo a intanet su suka ɗauka.

Gadar da ke kusa da shi fa, tun da can tana nan?

A'a, sabuwa ce, a 2007 aka buɗe ta, ta Tuti kuma ta biyo baya ba da jimawa ba. Gadar ta kawo cunkoso da ƙara a wurin da a da shiru ne, ƙafafunta kuma suka zama abin da mai jirgi zai riƙa kaucewa. Wani abin lura, Mak Nimir ɗin da aka sa wa gadar sunansa shi ne sarkin Ja'aliyyin na Shandi wanda ya ƙone Isma'il Pasha ɗan Muhammad Ali da wuta a 1822 saboda harajin wulaƙanci da ya ɗora masa. Wato gadar mai sunan wanda ya yi wa mamaya ta farko tawaye ita ce ke yi wa jirgin mamaya ta biyu inuwa.

Akwai wata alaƙa tsakanin wannan labarin da mu Hausawa?

Da kulob ɗin kansa dai babu, kada wani ya ƙaƙaba. Da kogin da kuma yaƙin kuwa akwai. Tun kafin Mahadi alhazanmu ke ratsa Sudan a ƙafa zuwa Makka, wasu su yi shekaru a hanya suna noma suna tara guzuri, wasu su zauna ke nan, kuma cikin Takari da Fallata akwai waɗanda suka shiga rundunar Ansar. A can gida ma Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya yi wa Mahadi mubaya'a ta wasiƙa. Shekara biyar kacal bayan Karari, a 1903, irin bindigar Maxim ɗin nan ce aka kafa wa Sakkwato, aka bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi inda ya yi shahada a watan Yuli.

Waɗanda suka tsira suka ci gaba gabas ƙarƙashin ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno, suka zauna a bakin wannan Shuɗin Nilun dai, kusa da Sinnar, garin da har yau ake kira Mai Wurno. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe noman auduga na Jazira, hannun mutanenmu na cikin waɗanda suka ɗauki aikin, ga kuma Hausawa masunta a gaɓoɓin kogin. Saboda haka ruwan da ke wucewa ta gaban kulob ya riga ya wuce ta ƙofar gidajen 'yan'uwanmu kafin ya iso.

Da gaske ne an yi fim da jirgin?

Da gaske ne. An fito da shi a 1938 aka yi amfani da shi wajen ɗaukar fim ɗin Ingila mai suna The Four Feathers wanda ya fito a 1939, ya taka rawar jirgin yaƙin Kitchener, wato dai kansa. Fim ne na zamanin mulkin mallaka, in za ka kalla ka san da idon wa aka ɗauke shi.

Wa ke kula da shi?

Shekara da shekaru kulob ɗin ne ke ɗawainiya da shi gwargwadon hali, hukumar kayan tarihi ta Sudan kuma tana da ta cewa. A Ingila akwai wata ƙungiya, Melik Society, da aka kafa a shekarun 1990 don neman a gyara shi, shi da Bordein, tsohon jirgin tururi na zamanin Gordon da ya saura a ɓangaren Bahri. An sha yin magana a kan cikakken gyara, amma aikin ƙarfe mai shekara sama da 100 kuɗi yake ci ba na wasa ba, ƙasar kuma kullum tana da abin da ya fi wannan gaggawa.

Ba gara a yanka shi a sayar wa 'yan gwangwan ba, tunda da shi aka kashe Musulmi?

Na sha jin wannan, kuma na fahimci zafin da ke bayanta, amma ni ban goyi baya ba. Gumakan Gordon da Kitchener da ke tsaye a titunan Khartum an sauke su a 1958 aka mayar wa Ingila kayanta, wannan daidai ne don gunki girmamawa ce. Jirgi kuwa shaida ce. Yaron da aka gaya wa an kashe mutum 10,000 a safiya ɗaya zai ji abin kamar tatsuniya, amma in ya tsaya gaban bakin bindigar ya taɓa farantin ƙarfen da hannunsa zai gane yadda aka yi. Kafin yaƙin 2023, a gidan Khalifa da ke Omdurman an ajiye jibbobi da makaman Ansar, to wannan shi ne ɗaya rabin labarin.

Abin da nake ganin ya gaza shi ne yadda ake ba da labarin. Kafin yaƙin 2023 baƙi suna zuwa su ji batun Thornycroft da farfela da Manjo Gordon da ceton masu raƙuma, su yi hoto su tafi, ba wanda ya ce musu su waye aka harba. Ya kamata duk bayanin da za a kafa a jikinsa ya faɗi duka biyun, da Larabci kafin Turanci. Duba amsar yaƙin Karari a sama.

Yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya shafi wurin? Za a iya zuwa yanzu?

Ya shafe shi sosai, don in ka duba amsar farko za ka ga inda yake, tsakanin fadar shugaban ƙasa da hedikwatar soja, ga gada a kansa. Daga ranar 15 ga Afrilu 2023 da faɗa ya tashi tsakanin soja da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF wannan yankin ya zama fagen daga, RSF suka riƙe fada da tsakiyar gari kusan shekara biyu, aka karya gadar Shambat a Nuwamba 2023, aka wawashe gidan tarihi na ƙasa da ke kan wannan titin, mazauna suka watse, harkar tsere da masaukin baƙi duk suka tsaya. Sai a ranar 21 ga Maris 2025 soja suka karɓe fadar, kwanaki kaɗan bayan haka suka ce sun kammala karɓe Khartum.

Saboda haka ɗan'uwa kada ka ɗauki bayanin da matafiya suka rubuta kafin 2023 na farashin tanti da lokacin buɗe ƙofa ka yi aiki da shi. In tafiya ta kama ka, ka fara tuntuɓar wanda ke cikin garin a wannan makon da ofishin jakadancin ƙasarka, kada ka taka cikin kango ko ciyawar bakin kogi inda ba a share ba saboda harsasai da bama-baman da ba su fashe ba, kuma kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoton gada ko fada ko shingen soja, wannan tun lokacin zaman lafiya ma yana jawo wa mutum kwana a hannun jami'an tsaro.